Martani Ga Mai Cewa Ɗaliban Gyallesu Su Rabu Da Tsofaffin Kwamfutocinsu

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai a Zariya, musamman a Gyallesu da Kongo. Malam ya kafa maganarsa a kan hujjoji uku. Ya ce waɗannan na'urori bolar Turai ce da aka jibge mana da sunan gwanjo. Ya ce masu ba da shawarar a cire Windows a sa musu babbar manhaja marar nauyi irin ta Linux suna koya wa talaka haƙuri da ƙasƙanci ne, ga shi kuma aikin sai ƙwararru. Sannan ya ce ofisoshin da ɗalibi zai nemi aiki gobe duk da Windows suke aiki, don haka wanda ya saba da wata daban zai zama ɗan baya. Daga nan ya yanke hukunci cewa a sayar da tsofaffin ga 'yan gwangwan, a yi tari a sayi sabuwa. Kishin da ya sa Malam ya ɗauki alƙalami kishi ne na gaskiya, kuma ina tare da shi a kan cewa ɗan talaka ya cancanci kayan aiki mai kyau. Inda muka rabu shi ne hukuncin. Mafi yawan waɗannan kwamfutoci lafiyarsu ƙalau, abin da ya gaza shi ne manhajar da ke kansu, kuma wannan matsala ce da ake warwarewa da filas guda ɗaya da ilimin da mai gyara zai iya koya cikin 'yan kwanaki.

Bari mu fara da duba wanda ke riƙe da na'urar da aikin da yake yi da ita. Gyallesu unguwa ce da ke maƙwabtaka da manyan makarantu biyu: harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ke komawa ga cibiyar horar da akawu da aka buɗe a 1947, da Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wadda aka kafa a matsayin kwaleji a 1962 don horar da malamai. Ɗalibin shari'a, da na harkar mulki, da na akanta, da mai koyon malanta, su ne ke kama ɗakunan haya a wannan yanki. Aikinsu a kan kwamfuta sananne ne: rubuta kundin kammala karatu, karanta littattafai da hukunce-hukuncen kotu, tsara darasi, lissafin jadawali, rajista a shafin makaranta. Ƙannensu kuma suna buƙatar sabawa da madannai, tunda hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, WAEC ma ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa da kansu a 2024. Na'urorin da ke hannunsu galibi HP EliteBook ne, da Dell Latitude, da Lenovo ThinkPad, ƙirar tsakanin 2012 da 2016, waɗanda suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu ta titin Beirut a Kano, kafin su iso shagunan Sabon Gari. An ƙera su ne don manyan kamfanoni, jikinsu da ƙwari, ana kwance su da sukudireba a canja abin da ya lalace. Shi kuwa zancen sabuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canjawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Sabuwar kwamfuta mai ɗan dama ta ninka wannan albashi sau da yawa. Uban da ke fama da kuɗin makaranta da na haya, idan aka ce masa ya yi tari ya sayi sabuwa, a zahiri an ce masa ɗansa ya gama karatu ba kwamfuta.

Abin da Malam bai tsaya ya bayyana wa masu karatu ba shi ne dalilin da ya sa ake kiran waɗannan na'urori tsofaffi yau. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka rufe babinta. Wadda ta rage, Windows 11, tana da sharuɗɗa: sai na'ura tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai ƙwaƙwalwarta ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ke nan kwamfutar da aka ƙera a 2015, mai Core i5 da ke aiki sarai, an rufe mata ƙofa ne da shawarar kamfani, ba don wani abu ya ƙone a cikinta ba. To me ake yi a ƙasa? Kowa ya san amsar. Ana kai ta wurin mai gyara a yi fomatin, a ɗora Windows ta bayan fage da Office ta bayan fage, sannan a kashe sabuntawa, wani lokaci har da mai gadin bairos, don kada dabarar da aka yi ta warware. A kan wannan na'ura ce ɗalibi zai shiga asusunsa na banki, ya rubuta lambar BVN da ta NIN, ya adana aikin shekara guda. Wannan shi ne ainihin abin da ya kamata a auna Linux da shi. Malam ya ɗora sabuwar kwamfuta mai lasisi a kan sikeli, alhali ba ita ce a ɗakunan Gyallesu ba. Haɗarin manhajar da ba a sabuntawa kuwa duniya ta gan shi a watan Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da ɗari, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, ta wata ɓaraka da aka riga aka fitar da maganinta amma ba a sa ba.

Babbar manhaja ita ce ke tuƙa na'ura: ta raba wa kowane aiki ƙwaƙwalwa, ta haɗa madannai da allo da intanet. Idan ta yi nauyi, ita kanta za ta cinye ƙarfin da ya kamata aikin mai na'ura ya samu. Kwamfuta mai ram (ma'ajin aiki na wucin gadi) gigabait 4 da ke ɗauke da Windows ta zamani kamar jaki ne da aka ɗora wa kayan raƙumi, ana ganin yana tangaɗi sai a ce ya tsufa, alhali rage kayan kawai ake buƙata. Da zarar an kunna ta, kusan rabin ram ɗin ya tafi kafin a buɗe komai. Linux Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu mai fuskar LXQt, galibi ba sa kaiwa gigabait ɗaya idan sun tashi, antiX kuwa 'yan ɗaruruwan megabait sun ishe ta. Waɗannan ba kayan gwaji ba ne na masu neman suna. Linus Torvalds ya fara ginshiƙin Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, kuma a kan waɗannan aka gina Mint da Lubuntu da antiX. Linux Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kyauta, a kan na'urar da Microsoft ya ce ta fita daga lissafinsa. Wayar Android da ke aljihun kusan kowane ɗalibi a kan ginshiƙin Linux take, kuma tun Nuwamban 2017 duka kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Abin da ya ishi waɗannan ba za a kira shi manejin talaka ba.

Zancen cewa aikin sai ƙwararru ma bai tsaya da ƙafarsa ba idan aka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Da farko a kwashe duk takardu da hotuna zuwa wani wuri daban, domin ɗora sabuwar manhaja na iya goge faifan ajiya gaba ɗaya, kuma nan ne mafi yawan masu kuka suke yin sakaci. Sai a sauko da fayil ɗin manhajar daga shafinta na asali, wanda nauyinsa na Mint bai wuce kimanin gigabait 3 ba, a tabbatar da ingancinsa da lambar tantancewa da shafin ya bayar. A rubuta shi a kan filas mai gigabait 8 da Rufus ko Ventoy. A kashe na'ura, a kunna ana danna maɓallin zaɓen mafari, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, a zaɓi filas ɗin. A nan ne akwai wata dama da Malam bai ambata ba ko kaɗan: manhajar za ta tashi daga kan filas ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Mutum zai gwada waifai, da sauti, da madannai, da kyamara, ya buɗe takardarsa ya ga yadda ta fito. Idan bai gamsu ba ya zare filas, kwamfutarsa na nan yadda ya bar ta. Idan ya gamsu ya danna alamar ɗorawa, ya zaɓi harshe, da yankin lokaci na Legas, da suna da kalmar sirri, ya kuma zaɓa ko a goge Windows ko a bar su su zauna tare. Galibi ba a kai rabin awa ba. Duk mai gyaran da ya iya ɗora Windows daga filas ya riga ya san kusan dukkan wannan. Bugu da ƙari, lasisin manhajar ya halatta kwafa da rabawa, don haka saukewa ɗaya ta ishi layi guda na ɗakunan ɗalibai, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba.

Zaɓen wadda ta dace da na'ura shi ne inda ake buƙatar hankali, kuma a nan ba zan ɓoye iyakar abin ba. Mai ram gigabait 4 zuwa sama, Mint Xfce ko Lubuntu za su yi mata daidai. Mai gigabait 2 ko ƙasa, antiX ta fi dacewa. Tsofaffi sosai masu tsarin bit 32 zaɓinsu ya ragu, tunda Ubuntu ta daɗe da barin su, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ma ta daina fitar musu da cikakken zubi. Bayan ɗorawa a sabunta komai, a buɗe manajan direbobi idan waifai ya ƙi tashi, matsalar da aka fi gani a na'urori masu katin Broadcom, a kuma kunna Timeshift don a iya komawa baya idan wani abu ya rikice. Manhaja ba ta tayar da mataccen batir, ba ta kuma fitar da ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Waɗannan aikin hannu ne: a buɗe, a share, a canja man sanyaya ƙwaƙwalwa. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD shi ne gyara ɗaya da ya fi canja saurin na'ura, kuma kuɗinsa ɗan ƙaramin kaso ne na farashin sabuwa. Haka kuma shafukan intanet na yau suna da nauyi ko da wace manhaja ake amfani, don haka mai ƙaramin ram dole ya rage yawan shafukan da yake buɗewa lokaci guda, ya sa abin toshe tallace-tallace irin uBlock Origin a Firefox. Akwai na'urorin da lallai lokacinsu ya wuce, allonsu ya fashe, uwar allon ciki ta ƙone. A kan waɗannan Malam yana da gaskiya. Amma ba a yanke wa masu lafiya hukunci da laifin matattu.

Hujjar ofis ita ce ta fi jan hankalin iyaye, don haka ta cancanci amsa a tsanake. LibreOffice, wadda ke zuwa tare da Mint da Lubuntu, tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adana su a tsarinsu. Gaskiya ne wani lokaci jadawali ko lambar shafi kan ɗan goce idan takarda ta yi zirga-zirga tsakanin manhajojin biyu. Maganin sananne ne: a yi amfani da Liberation Serif, wanda aka auna faɗin haruffansa daidai da na Times New Roman, sannan a mayar da aikin PDF kafin a kai shagon buga takardu. Akwai ma ƙarin riba a nan, domin bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filas bayan an dawo daga shagon buga takardu, wanda ya sa ɗalibai da yawa kuka, an rubuta shi ne don Windows, ba ya tashi a Linux. Mai nazarin alƙaluma yana da jamovi da JASP da PSPP da R, mai tattara madogara yana da Zotero, duka kyauta. Abin da ofis ke nema wurin sabon ma'aikaci kuwa shi ne ya iya buga rubutu da sauri, ya tsara wasiƙa, ya haɗa lissafi a jadawali, ya adana fayil inda za a same shi. Wanda ya shekara huɗu yana yin wannan kullum a LibreOffice zai saba da Word cikin 'yan kwanaki. Wanda zai sha wahala shi ne wanda aka hana shi kwamfuta gaba ɗaya yana jiran sabuwa. Na yarda akwai masu sana'ar da wannan shawara ba tasu ba ce: mai zanen kati da fosta da CorelDRAW, da ɗalibin zanen gine-gine da ke buƙatar AutoCAD, da mai Photoshop, domin waɗannan ba su da zubin Linux a yau. Su zauna a kan Windows, ko su bar biyun tare. Sai dai su ƙalilan ne a cikin masu karatun shari'a da mulki da malanta. Shi kuwa matashin da ke son shiga harkar rubuta manhaja, irin waɗanda shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ya fara horarwa tun 2023, sanin Linux jari ne gare shi, domin a kanta mafi yawan manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet suke gudana.

Akwai wata fa'ida da ta shafi Zariya kai tsaye. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Garin da ya raini rubutun boko na Hausa bai kamata ɗalibansa su riƙa miƙa kundi babu haruffa masu lanƙwasa ba. Tsarin madannan Hausa na Najeriya yana cikin jerin da ke zuwa da waɗannan manhajoji, a saituna kawai ake zaɓarsa, sai ɓ da ɗ da ƙ su samu. Na Larabci ma yana nan ga ɗaliban addini da na harshe, ga kuma haruffan Alkalami da Harmattan da ƙungiyar SIL ta tsara kyauta don rubutun ajami na wannan yanki, na farkon ma an ɗauko salonsa daga rubutun Kano. Ta fuskar data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai Linux shi ke zaɓar lokacin da zai sabunta, ya bari sai ya samu waifai na makaranta. Da manhajar Kiwix kuma ana iya sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon wanda ke da wuta da data a wadace, amma su ne ke raba ɗalibin da ya yi karatu yau da wanda ya rufe na'ura ya kwanta.

Game da ƙasƙanci, a duba waɗanda suka zaɓi wannan hanya da gangan. Jihar Kerala ta Indiya ta shafe fiye da shekara 15 tana gudanar da kwamfutocin makarantun gwamnatinta a kan Linux. Rundunar jandarmomin Faransa ta mayar da dubban kwamfutocinta kan wani zubi na Ubuntu da ta gyara wa kanta. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin ma'aikata kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Ba talauci ne ya kai su ba, so suke ikon na'urorinsu da bayanansu ya kasance a hannunsu. Malam zai iya kawo misalin birnin Munich, wanda ya yi shekaru a kan Linux sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017, kuma misali ne na gaskiya. Amma abin da ya dami Munich shi ne haɗa dubban ma'aikata da ɗimbin manhajojin ofis na musamman, ga siyasa a ciki. Ɗalibin da ke rubuta babi na uku a ɗakinsa ba shi da wannan nauyi. Idan ma ana zancen mutunci, a tambayi wanne ya fi zubar da shi: amfani da manhajar da masu ita suka ce a ɗauka a raba, ko amfani da wadda aka fasa wa kwaɗo? Wanda ake horarwa ya zama lauya ko malamin makaranta bai dace ya taso yana ganin cin haƙƙin mallakar wani a matsayin al'ada ba, ga shi kuwa akwai halastacciyar hanya a buɗe.

Hujja mafi ƙarfi a kaina Malam bai ma kawo ta ba, amma adalci ya sa in kawo ta: idan ta lalace, wa zai gyara? Wannan tambaya ta taɓa kayar da babban shiri a ƙasar nan. A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu Linux a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, duniya ta yi ta yaɗa hotunansu, amma shirin bai yaɗu a Najeriya ba. Darasin da ke ciki shi ne na'ura ba ta rayuwa inda babu mai kula da ita, babu kayan canji, babu malamin da ya fahimce ta. Bambancin halin da muke ciki shi ne masu gyaran suna nan tuni, a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da yaransu masu koyon aiki, kuma kayan canjin EliteBook da Latitude da ThinkPad suna kasuwa. Abin da ya rage shi ne ƙarin ilimi kaɗan: yadda ake gyara mafari idan ya rikice, yadda ake sa direba, yadda ake haɗa firinta. Zariya na da Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Jami'ar Ilimi, duk suna koyar da ilimin kwamfuta. Idan garin da ke da waɗannan ya kasa horar da masu gyaransa aikin mako guda, to laifin ba na manhaja ba ne. Mai gyara ma ba zai yi asara ba, domin ladan ɗorawa na nan, ga cinikin SSD da ram da batir, ga kuma amanar abokin ciniki da ba ya dawowa da kuka kowane wata.

Saura zancen bola, inda na fi kusa da Malam. Tarihi ya ba shi hujja. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke kudancin ƙasar nan, aka kuma ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991 don hana mayar da ƙasashe irin namu juji. Har yau ana cusa matattun kayan lantarki a cikin kwantenoni da motocin gwanjo, kuma wajibi ne hukumar kare muhalli ta NESREA da kwastan su tsaurara bincike a tashoshin ruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. To amma a bi shawarar Malam zuwa ƙarshenta. Kwamfutar da ke aiki, idan aka miƙa ta ga ɗan gwangwan, ina za ta? Za a fasa ta, a ƙona wayoyi don fitar da tagulla, a bar dalma da sauran guba su shiga ƙasa da ruwa da huhun yaran da ke wannan aiki. Wato shawarar da aka bayar don ƙin bola ita ce ke mayar da kayan aiki bola shekaru kafin lokacinsa. Sabuwar da za a sayo kuma an haƙo ma'adinai an ƙona makamashi wajen ƙera ta, kuma ita ma wata rana wani kamfani zai ce ta fita daga lissafi. Hana shigo da matattu da tsawaita ran masu rai manufa ɗaya suke yi wa hidima, bai kamata a haɗa su faɗa ba.

Don haka ga abin da nake ganin ya fi amfani da kiran a jefar. Sassan ilimin kwamfuta na makarantun Zariya su ware rana a farkon kowane zango, ɗalibai su kawo na'urorinsu a duba, a gwada musu daga filas, a ɗora wa wanda ya yarda, a koya masa adana aikinsa a wuri biyu. A gayyato masu gyara na unguwa su zauna a wannan zama, domin su ne za su ci gaba da riƙon abin bayan an watse. Malamai masu duba kundi su karɓi PDF, su daina tilasta wa ɗalibi wata manhaja guda idan ba aikin ne ya buƙaci hakan ba. Masu sayar da gwanjo su faɗa wa mai saye gaskiya cewa na'urar ba za ta hau Windows 11 bisa ƙa'ida ba, su nuna masa zaɓin da yake da shi. Marubutan Hausa masu ilimin fasaha kuma su rubuta jagorar wannan aiki da Hausa mai sauƙi, yadda yaron shago zai karanta ya aiwatar. Idan Malam ya samo hanyar da gwamnati ko masu hali za su sa sabuwar kwamfuta a hannun kowane ɗalibi, zan kasance cikin masu goya masa baya da alƙalami. Kafin wannan rana, ina roƙonsa, da girmamawa, ya janye kiran a sayar, domin akwai iyayen da za su ɗauki maganarsa da muhimmanci su raba 'ya'yansu da kayan karatun da suke da shi, ba tare da wani ya zo a madadinsa ba. Ya haɗa muryarsa da tamu a nemi makarantu da masu gyara su yi aikin da ke gabansu, tunda na'urorin suna nan, manhajar kyauta ce, masu iya koyarwa kuma suna cikin garin.